Injin kwashe dusar ƙanƙara yana rasa ƙarfi da ya shiga aiki: in ɗaure sifirin gwamna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Winnipeg, ƙasar Kanada. Na sayi na'urar kwashe dusar ƙanƙara ta hannu, mai injin Tecumseh. Yana tashi lafiya ƙalau, amma da na tura shi cikin dusar sai muryarsa ta faɗi, ya kama tari kamar zai mutu. In na ja cok rabi sai ya ɗan farfaɗo. Wani abokin aikina ya ce in ɗaure sifirin gwamna, gudu zai ƙaru. Ga hunturu ya kankama, kuma kullum da asuba sai na share hanya kafin in fitar da mota. Injin ya gama yayi ne, ko da sauran gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ai ka faɗi ciwon da bakinka. Injin da ya riga ya yi ɗumi amma yake neman cok, wato abin da ke rage iska don fetur ya rinjaya, fetur ne ba ya isarsa. Yana tsaye ba kaya, ɗan abin da ke ratsowa ya wadatar. Da ya ji nauyi gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, zai buɗe maƙogwaron kabureta gaba ɗaya, iska ta kwararo, sai a nemi fetur daga babban jet, wato 'yar hudar da fetur ke bi, a tarar ya toshe.

Fetur ɗin da kuke sha a can yana ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, shi kuwa yana jan danshi. In ya kwana a kabureta tun daga bazara har sanyi ya dawo, sai ya bar danƙo. Kamfanin Tecumseh ya daina ƙera waɗannan injuna tun wajen 2008, ka ga naka ya sha irin wannan kwanan ba adadi. A yawancinsu, jet ɗin yana jikin notin tagulla da ke riƙe da kwanon kabureta daga ƙasa. Zubar da tsohon man, kwance notin, ka nemi ƙananan hudojinsa, musamman wata 'yar mitsitsiya da ke ɓuya kusa da zaren. Silin waya mai laushi da maganin wanke kabureta sun isa. Kar ka sa abin da zai faɗaɗa hudar.

Kafin ka kwance komai, sassauta murfin tanki ka gwada, don ƙanƙara kan toshe hudar numfashinsa. Canza fulogi, tazararsa inci 0.030. Kar ka wahala neman matatar iska, yawancin waɗannan injuna ba a sa musu ita. In kuwa muryar injin ba ta sauya ba amma dusar ba ta fita da nisa, wannan bel ne yake zamewa, ba ruwan injin.

To, sai maganar abokin aikinka, wadda ita ce ta fi damuna. Ba ranar da ba na jin ta, kuma kullum daga bakin wanda ya kalli bidiyon minti uku ya zama injiniya. Gwamna ba ya ƙara ƙarfi. Aikinsa ya riƙe injin a gudun da aka ƙayyade masa, wajen juyi 3,600 a minti ɗaya a irin waɗannan. Lokacin da injinka yake nishi cikin dusa, gwamna ya riga ya buɗe ƙofa har ƙarshe, ba abin da ya rage ya bayar. Ɗaure sifirin ba zai sa ɗigon fetur ɗaya ya ratsa jet da ya toshe ba. To yaushe za ka ga aikin ɗaurin? Daidai lokacin da ka fito daga dusar, nauyi ya sauka. Nan injin zai zabura ya wuce iyakarsa. Sandar da ke haɗa fistin da karanshaf ta alminiyom ce, baƙin mai kuma watsa mata ake yi, ba famfo. In ta karye, gefen injin take fasawa ta fito, kuma Tecumseh sun yi suna a wannan. Ga shi dama injin da fetur ya yi masa kaɗan zafinsa ya fi ƙima, ka haɗa masa zafi da gudu. Ga fankar da ke jefa dusar ita ma ta ƙara wuta, kana tsaye dab da ita.

Mun san wannan ɗanyen aikin tun a gida: mai gyaran janareta ya murɗa sukurun gwamna, ƙwai ya ƙara haske, mai gida ya yi godiya ya biya, bayan kwana biyu talabijin ta ƙone. Abin haushi, wanda ya ba da shawarar ba ya nan ranar da za a sayi sabon inji. Wasu har lanƙwasa ƙarfen da sifirin ke maƙale suke yi da fulaya, suna auna gudu da kunne. Kunne ba ma'auni ba ne. In da gaske kana zargin sifirin ya saki, akwai ɗan agogon auna juyi mai araha da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Auna, ka duba adadin da ke littafin injinka, sannan ka taɓa. In ƙanƙara ce ta daskare a sandunan gwamna, ka bar shi wuri mai ɗumi ta narke.

In ka wanke kabureta, ka zuba sabon mai, amma har yanzu ba ƙarfi, ko ka ga salansa tana yin ja da daddare, a duba tazarar bawul da matsin silinda. Wannan aikin bakanike ne.

Tulin da motar share titi ke bari a bakin ƙofa kuwa, mai nauyi da gishiri, ko sabon inji sai ya yi nishi a kansa. Sa giya ta ɗaya, ka riƙa cin rabin faɗin bakin na'urar. In bututun ya cushe, kashe injin, jira komai ya tsaya, ka sa sanda. Hannu ba ya shiga wurin ko injin a kashe yake, don fankar kan riƙe ƙarfi ta fizga da zarar cushewar ta saki. Gwaji kuma a waje za ka yi shi, ba cikin gareji a rufe ba, saboda hayaƙinsa yana kisa.