Kyaututtukan fim: wariya ake mana ko namu ne da gyara?

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka tun jiya da daddare, inda kake cewa me ya sa duk shekara ake bikin raba kyaututtukan fim a nan Legas, a sha ado a sha hoto, amma 'yan Kannywood su koma gida hannu Rabbana, ko dai wariya ake mana. Na bari sai da na rufe shago, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Ni mazaunin Agege ne, kuma tun zamanin kaset nake bin fim, na Indiya, na Hausa, na Kudu, har na Koriya yanzu da tsufa ya fara kamawa. Abu na farko da za ka sani, kyaututtukan nan ba uwarsu ɗaya ba. AMVCA, wato kyautar tashar talabijin ta Africa Magic da ake yi a otal ɗin Eko, ta fara ne a 2013, kuma wasu rukunanta ƙuri'ar 'yan kallo ce ke yanke hukunci, wasu kuma alƙalai. A da akwai rukunin fim ɗin Hausa shi kaɗai, na Yarbanci daban, na Ibo daban. A 2024 aka haɗe su a rukunin harsunan Afirka ta Yamma. Ka ga kenan an jefa ɗan kokawarmu fili ɗaya da masu kuɗin Legas. Ita kuwa AMAA, wata kyautar finafinan Afirka wadda marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005, alƙalai ne ke zama su duba aiki. Kuma a can ne Ali Nuhu ya ɗauki kyauta a 2007, Maryam Booth ta ɗauka a 2020. Wanda ya ce ba a taɓa ba mu ba, bai bincika ba ne.

Har Oscar ta Amurka, harshenmu bai zame mana cikas ba. A 2019 an cire fim ɗin Nijeriya mai suna Lionheart daga takarar rukunin finafinan ƙasashen waje saboda Turancin cikinsa ya yi yawa, domin ƙa'idar rukunin ita ce fiye da rabin maganar fim ta kasance ba da Turanci ba. Shekarar da ta biyo baya Nijeriya ta aika The Milkmaid, wanda akasarinsa Hausa ne, a 2024 kuma ta aika Mai Martaba da aka ɗauka a Daura. Ba su kai ga shiga jerin ƙarshe ba, amma ka lura 'yan kwamitin ƙasa ne suka zaɓe su a kan finafinan Kudu.

To ina gizo ke saƙar? Bari in ba ka abin da idona ya gani. Kwanakin baya aka kawo wani fim ɗin Hausa wata sinima a Ikeja. Na ja maƙwabcina Bayarabe, mai gyaran waya, na biya masa tikiti don in yi tinƙaho. Muka shiga, na juya na ƙirga kawuna, ba mu cika layi biyu ba. Hoto ya yi kyau, masha Allah, rawani da alkyabba sai ɗaukar ido suke. Amma da aka zo wurin da uwa take yi wa ɗanta faɗa, wurin da ya kamata jikin mutum ya yi sanyi, sai ga ƙarar janareta a bayan muryarta, kiɗa kuma ya danne rabin abin da take faɗa. Can ta ce masa in ka ji gangami akwai labari, aka rubuta fassarar a ƙasa kamar ana maganar makaɗa. Mutumina ya dungure ni, wai ina mai gangar? Wallahi dariya na yi, amma kunya ta kama ni. Alƙalin da bai jin Hausa, da wannan fassarar da wannan sautin zai auna mu, ba da abin da ni da kai muka ji a zuci ba.

Sannan mu kanmu 'yan kallo. Ranar da aka raba kyauta, Facebook da TikTok sai su kama da wuta, kowa na cewa an yi maguɗi. Ka tambayi mai zagin ko ya kalli fim ɗin da ya ci, sai ya ce ya ga guntunsa na daƙiƙa talatin. Ka tambaye shi ko ya kaɗa ƙuri'a lokacin da aka buɗe, shiru. Rabin faɗan ma ba a kan fim ba ne, rigar da wance ta sa ce, da yaran wane da yaran wane. Ni na daina sa baki a irin wannan, hawan jini nake gudu.

Ban ce babu son kai ba. Masu shirya bikin a nan suke, abokansu a nan suke, masu kuɗin talla ma a nan suke, kuma wanda ake gani kullum shi ake tunawa. Amma furodusan da ya saki fim ɗinsa kashi-kashi a YouTube, bai cike takardar shiga gasa ba, bai biya ƙwararre ya gyara masa sauti da fassara ba, ban ga wanda zai kai ƙara ba.

In an sake kawo na Hausa sinima, ka taɓo ni mu je tare, ka kuma jawo mutanen Idi-Araba. Tikitinka a wuyana, gugguru kuwa kai za ka saya.