Ki fara masa da karen gidan cinya, Gizo ya jira tukuna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce yaronki ɗan shekara 5 ba ya gaida baƙi, ya kuma mai da magen maƙwabta abin jifa, kina neman labaran dabbobi da za su sa masa ladabi da tausayi, kina kuma tambaya ko katun na waya ya wadatar. Na yi dariya da na karanta, ba don raini ba, sai don kamar ɗana na uku kike siffantawa. Shi ƙadangaru ne suka shiga uku a hannunsa. Na haifi shida, na riƙe biyu na ƙanena, na kuma yi shekara 19 ina fama da 'yan aji ɗaya da aji biyu a firamare, to bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Da farko kada ki yi gaggawar ɗauko Gizo. Kowa in aka ce tatsuniya shi yake fara zuwa masa a rai, amma Gizo ba malamin ladabi ba ne. Maƙaryaci ne, makwaɗaici, mai cin amanar wanda ya taimake shi, ga shi kuma yara suna mutuwar sonsa saboda tsamin bakin nan nasa. Ɗauki tatsuniyarsa da hankaki. Hankakin suna ciyo ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar kogi, Gizo ya yi ta zarya gidansu da sunan ɗiban wuta don a sam masa, har suka ji tausayinsa kowa ya cire gashinsa guda ya liƙa masa ya samu fiffike. Da aka isa kan bishiya, duk ɓauren da wani ya kai baki sai ya ce shi ya riga gani, nasa ne. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a can. Babba yana jin wannan ya san inda aka dosa. Amma ɗan shekara 5? Wallahi na taɓa yin ta a aji, da aka fita tara sai na ji wani yana fizge wa ɗan'uwansa gyaɗa yana cewa "ni na yiga gani", da muryar Gizo sak, sauran suna ta shewa. Abin da ya ɗauka ke nan. Sai yaro ya kai kamar shekara 7 ko 8 yake iya yi wa Gizo dariya yana kuma ganin wautarsa. Kafin nan, in za ki yi masa, ki daɗe a wurin da hankaki suka tashi suka bar shi, ki tambaye shi me ya sa suka karɓe gashinsu.

Wadda na fi ganin amfaninta ga irin yaronki ita ce ta ruwan Bagaja. Ba littafin Abubakar Imam na 1934 nake nufi ba, sunan ne kawai ya zo ɗaya, wancan labarin wani ne daban. Ina nufin tatsuniyar 'yar bora da aka ɗora wa laifin fitsari a ƙirgi aka ce sai ta je ta wanko shi a ruwan Bagaja. A yadda kakata take yi mana, yarinyar tana tafe tana tarar da koguna, na tuwo, na nama, na zuma, kowanne ta tsaya ta yi masa waƙa tana tambaya ko shi ne ruwan Bagaja, ya ce a'a, amma ta ɗiba ta ci, ta ce ta gode, ta ƙoshi. Har hadari ya taso ta ga wata 'yar bukka, ta yi sallama. Wa ke ciki? Cinya ce zalla, ba gangar jiki, sai kare a gefenta. Cinya ta ce "kin kin kin", kare ya ce, "Wai an ce ki shigo." Yarinya ba ta yi dariya ba, ba ta zaro ido ba. Ta durƙusa ta gaishe su. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi guda aka ce ta dafa, ba ta yi musu ba, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ajiye mata ƙwai babba da ƙarami, ta ɗauki ƙaramin. Ita kuwa 'yar mowa da ta biyo sahu, kowane kogi sai ta cika ciki tun ba a yi mata tayi ba, ta faɗa bukka ba sallama, da kare ya yi magana ta ce yau ga abin mamaki, kare da magana, cinya da gida.

Kin ga abin da ke cikinta? Sallama, gaisuwa a durƙushe, kawaici kan abinci, rashin yi wa halittar wani dariya, da girmama wanda kake ganin bai kai ba. Kare fa, wanda a unguwa ba a san shi da komai ba sai jifa da "kai, tafi can", shi ne mai fassara, kuma ta wurinsa alherin ya fito. Ba sai kin ce wa yaro "ka daina jifan dabba" ba. Ki dai yi muryar karen da kyau, mai sanyi, irin ta dattijo. Ni sai da ta kai yarana in na ce "kin kin kin" daga ɗaki, su amsa daga tsakar gida, "wai an ce ka kawo buta." Aike ya zama wasa.

Sai dai akwai wurare biyu da nake gyarawa, kuma ina ba ki shawara ki gyara. Na ɗaya, ƙarshenta. A yadda muka gada, 'yar mowa ta fasa babban ƙwai sai kutare da makafi suka fito suka raka ta gida, wai shi ne sakamakonta. Na daɗe ina yin ta haka ban lura ba, sai ran da wani makaho ya yi bara a ƙofar gida, 'yata ta ruga ta ɓuya tana cewa mutanen ƙwan 'yar mowa sun zo. Jikina ya yi sanyi. Ina neman koya tausayi, ashe ina koya ƙyama. Tun daga ranar rina da kunamu ne suke fitowa daga ƙwan nan a gidana. Masu cewa kada a taɓa abin gado su yi haƙuri, ita tatsuniya ko a da kowace tsohuwa da yadda take juya ta.

Na biyu, in gidanku da abokiyar zama, ki cire bora da mowa, ki ce wasu yara biyu ne a wani gari. Na taɓa yin ta da dare yaran gida duka suna zaune, nawa da na abokiyar zamana. Washegari ɗaya daga cikin nata ta tambaye ta, "Umma, mu ne 'yan mowa?" Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu da baiwar Allah, kuma ba ta yi laifi ba, ni ce ban auna ba.

Akwai gajeru da ke cikin littattafan firamare, kamar kurciyar da ta jefa wa tururuwa ganye a ruwa, daga baya tururuwar ta ciji maharbi a ƙafa, da zakin da ya saki ɓera, ɓeran ya zo ya gwigwiye ragar da ta kama shi. Suna da kyau don minti uku sun ƙare. Aibinsu ɗaya, suna sa yaro ya zaci duk alheri bashi ne da za a biya shi gobe. In kina son tarin namu na gida a rubuce, ki nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida ne. Amma ki karanta ke kaɗai da rana, da dare ki ajiye littafin ki yi da ka.

Maganar mage kuwa, a nan ba tatsuniya na fi dogara da ita ba. Hadisin mutumin nan da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya ga kare yana lallage harshe yana cin danshin ƙasa, ya koma ya ciko huffinsa ya riƙo da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Yana cikin Buhari da Muslim. Haka na matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba har ta mutu. Ni da na karen nake farawa, na magen sai yaro ya ɗan tasa, don ɗan shekara 5 in kika haɗa masa mage da wuta, tsoron magen zai ji, ba tausayinta ba. Ga kuma tururuwar Annabi Sulaimanu a Suratun Namli, aya ta 18 da ta 19, wadda ta ce wa 'yan'uwanta su shige gidajensu kada a tattake su, shi kuma ya yi murmushi. Abu ɗaya, kada ki buɗe waɗannan da "ga ta nan, ga ta nanku". Tatsuniya da bakinta take cewa ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Waɗannan ki gyara zama, ki ce masa wannan gaskiya ne, ya faru. Yara suna gane bambancin in an nuna musu.

Katun ban ce haramun ba ne, jikokina ma suna kallo. Amma waya ba ta jira a ce mata "ta zo mu ji ta". Rabin ladabin da ke cikin tatsuniya ba a labarin yake ba, a zaman yake: ka amsa in an buɗe, ka yi shiru babba na magana, ka jira a zo kanka kafin ka yi taka, ka matsa wa ƙaninka a tabarma. Kuma ke kina ganin fuskarsa, kin san inda za ki ja da inda za ki taƙaita. In kin gama ki ce ƙurunƙus ki tashi. Kada ki tsaya jero masa darasi, da ya ji "ka ga abin da nake gaya maka ko" ya san tarko aka ɗana masa, gobe ba zai zo ba.

Kada kuma ki sa rai mako ɗaya zai canza. Nawa mai ƙadangarun ya sha tatsuniya wata da watanni yana ɗana musu zarge da tsinken tsintsiya. Abin da ya ƙarasa aikin, babansu ya sayo kaza da 'yan tsaki bakwai, aka ce ruwansu da tsabarsu a wuyansa suke. Ran da shaho ya sure guda ɗaya, yaron nan ya ƙi cin tuwon dare. To ki roƙi maƙwabciyar taki, in za ta zuba wa magen abinci da yamma ta aiko a kira shi, shi zai riƙa ajiye mata kwanon. Ki ce masa kuma kafin ya shiga gidan sai ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya jira a ce wai an ce ya shigo.