Amsa: ɗaukar wasan kai-tsaye na kiɗan kwamfuta tare da makaɗa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda mawaƙa biyu masu kiɗan kwamfuta ke yin wasa da babbar ƙungiyar makaɗa su fitar da kundi mai tsabta, da ko hakan zai yiwu a filin biki a ƙauyukan Ringim da goge da kalangu.

Zai yiwu. Wahalar tana wajen lokaci, domin kwamfuta ba ta jira, makaɗi kuwa yakan ja baya ko ya ɗara. Sai a sa wa mai kalangu abin sauraro a kunne mai buga masa ƙidayar kiɗan, sauran su bi shi.

Kowane kayan kiɗa da makirufonsa da layinsa na ɗaukar sauti daban. Kada ka ɗauka daga lasifika, daga baya ba ka iya raba murya da ganga. Mai goge ya daidaita tsirkiyarsa da piyano, ya kuma sake dubawa in dare ya yi, don raɓa na sassauta fatar.

Janareta ya yi nisa da fili. Gurnaninsa na 50 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) yana shiga wayoyin makirufo, saboda haka ka yanke sautin da ke ƙasa da 80 Hz a layin murya da goge. Makirufo biyu su fuskanci jama'a don tafi da guɗa.