Amsa ga Hajiya mai tambaya kan gaɓar babban yatsa

Assalamu alaikum Hajiya, ya jiki? Na ga tambayarki, cewa likita ya ba ki zaɓi biyu kan ciwon gindin babban yatsa: ko a cire ƙaramin ƙashin da ke gindin yatsan, wanda ake kira trapezium, gaba ɗaya, ko a sa miki gaɓar ƙarfe. Ni an sa min a hannun dama shekara 4 ke nan, a nan Faransa inda nake zaune, shi ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina.

Ɗinki ne sana'ata. Kafin tiyatar, almakashi ya gagare ni, murɗa makulli sai na haɗa da hagu, matse wanki kuwa har hawaye. An yi min allura sau biyu, kowacce sauƙin 'yan watanni ne, ciwo ya dawo. Hoto ya nuna guringuntsi ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi.

Abin da ake sawa kamar na ƙugu ne, amma ɗan mitsitsi: ɗan kofi a cikin ƙashin da suke kira trapezium, da sanda mai kan ƙwallo a ƙashin yatsa. A Faransa aka faro shi tun shekarun 1970, likitocin nan sun saba da shi sosai. Hannu kawai aka kashe min, ban ma kwana asibiti ba. Sati 3 hannu a ɗaure, sai gashin ƙashi. Cikin wata na biyu na ɗauki allura na zura zare ba zafi, wallahi ajiye ta na yi na zauna ina ta hamdala. Maƙwabciyata da aka cire wa ƙashin ta fi ni daɗewa kafin ƙarfi ya dawo, amma ita ma yanzu ba ta kuka da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, fatar bayan yatsan ta yi wata 6 kamar ba tawa ba, jijiya aka ɗan taɓa. Kuma gaɓar kan goce, ko kofin ya saki, sai an sake buɗewa, sau da yawa a cire ƙashin a lokacin. Har yau ba na daka, ba na ɗaga tukunya cike da hannun.

Ki tambayi likita ko ƙashin naki yana da kaurin da zai riƙe kofin, ko gaɓar da ke ƙarƙashinsa ma ta cinye, da kuma sau nawa yake yin wannan aiki a shekara. Ki gaya masa duk abin da hannunki ke yi daga safe zuwa dare, kada ki rage masa komai. Allah ya ba ki lafiya, Hajiya.