Jini hasken yake nema

Ɗana, jiya a hanyarmu ta komawa Makka daga Jidda ka ce mini: "Mu'allim, ta yaya haske kawai zai bambance ƙarin mama mai illa da marar illa?" Gajiya ta hana ni amsawa. Ga amsar.

Kana yaro ai ka taɓa kifa tocila a tafin hannunka, ka ga ya yi ja. To, daga nan abin ya faro. Jan haske da na gaba da shi wanda ido ba ya gani, wajen nanomita 650 zuwa 900 a ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi, yana ratsa tsoka santimita da dama, kuma himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, shi ne ya fi shanye shi. Ita kuwa sankara, wato ƙari mai illa, mayunwaciya ce. Tana sa jiki ya shimfiɗa mata sababbin jijiyoyi barkatai, jini ya taru a wurin, sau da yawa kuma iskar oksijin ɗinsa ta ragu saboda yawan cinta. In aka haska da launi biyu ko fiye, na'ura za ta lissafa yawan jinin da kuma iskar da ke cikinsa. Ƙullutun da ruwa ne zalla ba ya tara jini haka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1929 wani likita a Amurka, Max Cutler, yake haska mama da fitila a ɗaki mai duhu. Abin da ya kayar da ita, haske watsewa yake a cikin tsoka, kamar fitilar mota ranar da ƙura ta taso, hoto ya fito dishi-dishi, ƙaramin ƙari ya ɓuya. Shi ya sa yanzu ake haɗa shi da na'urar duban ɗan tayi: ita ta nuna wurin, haske ya auna jinin. Akwai ma wata na'ura mai suna Imagio, da Amurka ta amince da ita a 2021, mai harba hasken leza, jini ya ɗan ɗumama ya fitar da sauti, a kama shi.

Amma kar ka ruɗu. Kumburin mai shayarwa ma yana tara jini, haka wasu ƙarin marasa illa. Hukunci sai an ɗebi tsoka an kai ɗakin gwaji. In baiwar Allah da kake dubawa ta tambaye ka me ka gani a allo, ka ce likita zai yi mata bayani.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, in nuna maka yadda ake daidaita ma'aunin hasken.