Amsa ga ƙaninmu mai son saka wa birkin gaba bututun iska

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena mai BMW 335i, na saurari muryarka tun jiya da daddare, aiki ne ya riƙe ni. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ya yi yana saukowa Hawan Kibo daga Jos, ya yi ta taka birki, can sai ya ji fedal ya yi laushi kamar ya taka burodi, har sai da ya yi ta famfo kafin motar ta tsaya. Shi ne yake tambaya ko ya saka bututun nan da ke kawo wa birkin gaba iska daga bamba, irin na motocin tsere.

To alhamdulillahi da Allah ya tsare. Amma ƙanena, kafin ka kai bambarka a huda, abin da ka kwatanta ɗin nan, man birkinka ne ya tafasa. Gazawar birki saboda zafi iri biyu ce. Idan fedal yana da tauri amma motar ta ƙi tsayawa, kana jin ƙauri, to fad ne, wato abin da ke damƙe faifan birki ya tsayar da taya, ya yi zafi fiye da ƙarfinsa. Idan kuwa fedal ya nutse ƙasa, mai ne ya tafasa ya yi kumfa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, shi kuma tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Man birki nau'in DOT 4 sabo daga gwangwani sai ya kai digiri 230 na ma'aunin Celsius kafin ya tafasa. Amma man birki yana shan danshi, in ya tsufa ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. Ka faɗa mana tsakaninka da Allah, tun da aka kawo motar nan daga Kwatano ka taɓa juye shi? Na san amsar. Mu ƙari kawai muke yi in ya ragu. Duk shekara 2 ake zubar da shi gaba ɗaya. Ka sa DOT 4 mai kyau ko DOT 5.1. Ka kula, 5.1 na ce, ba DOT 5 ba, wancan na silikon ne, ba ya haɗuwa da naka. Sannan a gangara ka riƙa sauke giya inji ya taya ka riƙo.

Yauwa. Yanzu maganar bututun.

Yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, don nauyin mota gaba yake zubowa in ka taka. Kuma gudu in ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ninki huɗu ne. Wanda ya tsaya daga gudun kilomita 160 a awa ya zuba wa faifansa zafi sau huɗu na wanda ya tsaya daga 80. To mai yin haka a jere a jere, iska za ta taimake shi sosai.

Sai dai inda mutane ke ɓata aikin shi ne bakin bututun. Ka cire taya ka leƙa faifan gaba ta gefensa. Za ka ga faranti biyu ne, tsakaninsu akwai ramuka kamar haƙarƙari. Faifan nan fanka ne da kansa: in yana juyawa yana jan iska ta tsakiya, wajen cibiya, ya watso ta ta baki. Saboda haka iskar da za ka kawo, tsakiyar nan za ka kai ta, ta bayan faifai, ta bi ramukan ta sanyaya fuska biyu daidai. In ka saita tiyo yana hura fuskar ciki kaɗai, ɓari ɗaya ya huce ɗayan yana ci da wuta, ƙarshenta faifai ya murɗe ko ya tsage, ka fara jin sitiyari yana rawa in ka taka. Gara ma ba ka saka ba.

Shi ya sa aikin gaske yana wajen farantin ƙarfen nan da ke bayan faifai. Ko a sayo wanda aka yi da bakin bututu a jikinsa, ko mai walda ya yanka maka ya liƙa ɗan guntun bututu inci 2.5 ko 3 yana kallon cibiya. A kasuwar Panteka ta Kaduna akwai masu hannun da za su yi maka shi tsaf, in dai ka tsaya a kansu ka nuna musu inda kake so ya kalla. Kada ka aika yaro.

Tiyon kuma ba kowanne ba. Na silikon, mai ruwan lemo da waya a murɗe a ciki, shi ke jure wajen digiri 260. Baƙin nan mai araha, kusa da 150 ya gama, in za ka yi amfani da shi to can gaba wajen bamba, nesa da faifai. Iskar kuwa ka ɗauko ta daga fuskar bamba, yawanci ramin fitilar hazo ake cirewa. Ka ma fara duba taka, wasu BMW ɗin suna zuwa da ramin iska tun daga kamfani, sai dai a cikin gidan taya yake zubarwa.

Bari in ba ku nawa abin kunyar. Da na yi wa tawa, na ɗaure komai da kilif, ya yi kyau kamar a hoto, na sauke jak ina ta murmushi. Ban murɗa sitiyari har ƙarshe na gwada ba. Ina zuwa yin kwana a Kawo sai na ji shuu shuu ta hagu. Kafin in kai Unguwar Rimi taya ta cinye tiyon, wayar ciki ta fito tana kartar roba. Kuɗina a banza. Don haka mota tana kan jak ka murɗa dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, ka sauke ta ka sake, ka bar wa tiyo ɗan saki saboda hawa da saukar taya a rami. Ka nisanta shi da tiyon man birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki.

Sai abin da Turawan da kake kallo a YouTube ba sa fama da shi: leda. Ledar fiya wata ɗaya ta isa ta toshe maka ɓari guda, ka yi ta yawo birkin dama na shan iska na hagu babu. Ka sa ragar waya a bakin, mai manyan ido. Da damina ruwa da taɓo za su bi ta nan, da hunturu ƙura. Ni in ba tafiyar gudu zan yi ba, rufe bakin nake da salatif, don daga Barnawa zuwa Ahmadu Bello Way a cikin cunkoso birki bai ma yi ɗumin kirki ba balle a yi masa fifita.

Saboda haka ƙanena, ka juye mai, ka sa fad mai jure zafi, ka hau motar wata ɗaya tukuna. In har yanzu kana jin ƙauri, ka kawo ta gareji ranar Asabar bayan la'asar mu cire bamba mu auna hanyar da tiyo zai bi. Ka taho da tsire, na Alhaji da ya yi alkawari tun Sallah har yau shiru. An kira salla, sai anjima.