Na faɗi zaɓen kansila a Landan da ƙuri'a 14, zan iya kai ƙara?

Tambaya: Barista, ni ɗan Najeriya ne mazaunin Landan. Na tsaya takarar kansila a mazaɓarmu ba tare da jam'iyya ba, aka kayar da ni da ƙuri'a 14. An soke ƙuri'u da dama wajen ƙidaya, kuma wasu dattawa sun gaya min yaran abokin takarata sun bi gida-gida suna karɓar ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya. Na rubuta wa hukumar zaɓe, har yanzu shiru. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, kafin komai duba kalanda. Dokar zaɓen Birtaniya ta 1983 ta ba ka kwana 21 kacal ka shigar da ƙara, kuma a zaɓen ƙaramar hukuma ana fara lissafi ne daga ranar jefa ƙuri'a. A Najeriya kwana 21 ɗin na farawa ne daga ranar sanar da sakamako, to kada abin da ka saba da shi a gida ya ruɗe ka. Lissafa har da Asabar da Lahadi. Wasiƙar da ka aika wa hukumar zaɓe ba ta tsayar da wannan wa'adi ba, ita kanta hukumar ba ta da ikon soke sakamako. Jami'in da ya sanar da shi ma ba zai iya janyewa ba. Damar neman sake ƙidaya tana nan ne a zauren ƙidaya kafin sanarwa. Da zarar an sanar, sai da umarnin kotu za a buɗe ƙullin ƙuri'un.

A ofishin ƙararrakin zaɓe na Babbar Kotu da ke Landan ake shigar da ƙarar. Kai ɗan takara kana iya shigarwa kai kaɗai, ko masu zaɓe huɗu na mazaɓar su haɗu su shigar. Ban da kuɗin shigar da ƙara, cikin kwana uku na aiki za ka ba da jinginar kuɗin shari'a da za ta iya kai fam 2,500. Idan an kai ga shari'a, wani gogaggen lauya ne ake naɗawa ya zauna a matsayin alƙali, galibi a yankin da aka yi zaɓen.

Koke biyu ka kawo, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na ƙuri'un da aka soke ya fi sauƙi. A shari'ar Morgan da Simpson ta 1974, ma'aikatan zaɓe sun manta ba su buga wa takardun ƙuri'a 44 hatimi ba, aka ƙi ƙidaya su, wanda ya ci kuwa ratarsa 11 ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen, domin kuskuren ya shafi sakamako. Saboda haka nemi adadin ƙuri'un da aka soke da dalilin soke kowane rukuni, jami'in zaɓe yana fitar da wannan bayani. Idan yawancinsu mutane ne suka zaɓi 'yan takara fiye da adadin kujeru, ko suka bar takardar babu komai, babu abin kamawa. Idan kuwa wakilinka ya ga takardun da niyyar mai zaɓe ta fito fili a gare ka amma aka jefar, kuma sun haura 14, kana da magana. Sa shi ya rubuta abin da ya gani yau ɗin nan, da lambar teburi da lokaci, ya sa hannu.

Na biyun shi ne mai nauyi. Tun 2024 laifi ne mai yi wa ɗan takara kamfen ya taɓa ƙuri'ar gidan waya ta wani, in ba na kusa da shi a dangi ba ko wanda shi yake kula da shi. Kotuna sun sha soke zaɓe kan maguɗin irin waɗannan ƙuri'u: mazaɓun Aston da Bordesley Green a Birmingham a 2005, da wata mazaɓa a Woking a 2013. Amma zargin maguɗi sai an tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba, tamkar a shari'ar laifi. "An gaya min" ba hujja ba ce. Shin dattawan nan za su yarda su tsaya gaban kotu su ambaci sunan wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, alhali gobe za su haɗu da shi a masallaci? Wannan ita ce tambayar da za ka yi musu kai tsaye. Sannan sai an nuna cewa yaran nan wakilan abokin takararka ne a idon doka. In aka tabbatar da haka, zaɓensa na iya rushewa ko da ba a lissafa ƙuri'u 14 ba.

Batun kuɗi ne ya fi damuna. Jinginar nan ba ita ce iyakar asara ba, domin wanda ya faɗi shari'a yakan biya kuɗin lauyoyin wanda ya yi nasara. A 2015 masu zaɓe huɗu sun yi nasarar soke zaɓen magajin garin Tower Hamlets da ke Landan, Lutfur Rahman, amma daga baya aka ayyana shi a matsayin wanda ya karye, ba ya iya biyan bashi, ya bar su da wahalar karɓo kuɗinsu. Waɗanda suka ci ke nan.

Shawarata: zargin karɓar ƙuri'u kai shi ga 'yan sanda yanzu, wannan kyauta ne, ko da yake binciken nasu ba ya soke zaɓe kuma ba ya tsayar da wa'adinka. Nemi duba rajistar da ke nuna waɗanda suka jefa ƙuri'a. Cikin makon nan ka zauna da lauyan da ya ƙware a dokar zaɓe, da bayanin wakilinka a hannu. Kuma ka daina kiran mutumin nan ɓarawon zaɓe a Facebook da zaurukan WhatsApp, don yana iya maka ka a kotu kan ɓata suna kafin taka ƙarar ta samu ranar saurare.